Daga Gulfport Zuwa Denver: Tashen Mahmud Abdul-Ra'uf Da Dusashewarsa A Fagen Ƙwallon Kwando





Da aka nemi mu ɗan yi tsokaci a kan wasanni a zaman bana, mun san da yawa sun ɗauka ƙwallon ƙafa za mu dosa. To, sai a yi mana afuwa, domin ƙwallon kwando muka zaɓa, kuma a cikinsa ma mutum guda muka ware, wani baƙar fatar Amurka da aka haifa da suna Chris Jackson, duniya kuma ta san shi daga baya da Mahmud Abdul-Ra'uf. Abin da ya ja hankalinmu gare shi bai wuce cewa yaro ne da ya baro ƙaramin gari ya shiga birni neman abinci, ya kuma samu fiye da yadda ya zata, sannan rana ɗaya aka ce masa ya zaɓa tsakanin abincin nan da abin da zuciyarsa ta gamsu da shi. Duk wanda ke zaune a garin wasu ya san irin wannan ranar, ko da tasa ba ta kai ta Mahmud zafi ba.

Saboda iyayenmu da ba su saba kallon wasan ba, bari mu ɗan share fage. Mutum biyar-biyar ake yi, kwandon kuma yana rataye ne a tsayin ƙafa 10 daga ƙasa. Zabga-zabgan dogaye su ke tsayawa kusa da kwando, irin su Hakeem Olajuwon ɗan Legas. Biyu kuwa daga baya suke wasa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne madugu, shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya karanci fili, ya san wanda zai miƙa wa da lokacin da zai jefa da kansa. A wannan gurbi Mahmud ya yi wasa. Tsayinsa ƙafa 6 ne da inci 1, wanda a cikinmu dogo ne, amma a gasar NBA gajere ne sosai.

An haife shi ranar 9 ga Maris, 1969, a Gulfport, wani gari na bakin teku a jihar Misisipi, jihar da ta yi ƙaurin suna wajen talauci da wariyar launin fata. Bai san mahaifinsa ba. Mahaifiyarsa ce ta rene shi da 'yan uwansa maza biyu da ɗan abin da take samu a ɗakin abinci na wani asibitin tsoffin sojoji, kuma shi da kansa ya sha ba da labarin kwanakin da abinci ya gagara a gidan. Bayan talauci kuma ga wata lalura da ba a gano sunanta ba sai da ya kai shekara 17, wato ciwon Turet. Ciwo ne na jijiyoyi da ke sa mutum fizgar kai ko ƙifta ido ko fitar da sauti ba da son ransa ba. A makaranta an ɗauke shi marar fahimta, har aka kai shi ajin masu buƙata ta musamman.

A nan muke so mu ɗan daɗe, domin a ganinmu nan ne mabuɗin labarin. Lalurar tasa ta zo da wani hali na tilas: ba ya iya barin abu sai ya ji ya zauna daidai a ransa. Ɗaure igiyar takalmi kan ɗauke shi lokaci mai tsawo, ya ɗaure ya kwance, ya sake ɗaurewa. Da ya ɗauki ƙwallo sai wannan hali ya bi shi fili. Tun da duku-duku yake fita shi kaɗai, ya yi ta jifa, kuma shigar ƙwallo cikin kwando kawai ba ta wadatar da shi. Sai ta shiga ba ta taɓa ƙarfe ba, raga ta yi irin ƙarar da kunnensa ke jira, kuma sai ya jera irin wannan sau da dama ba kuskure. Idan ɗaya ta kauce, lissafi ya koma farko. Yakan gaji har ya rasa ƙarfi, amma jikinsa ba ya ba shi izinin tafiya gida. Ba muna yabon ciwo ba ne, Allah Ya raba mu da shi, azaba ce ya sha. Sai dai daga cikin azabar nan aka samu hannun da ya zama ɗaya daga cikin mafiya saiti a tarihin wasan.

Ya jagoranci makarantar sakandaren garinsu ta ci kofin jiha a 1987 da 1988, daga nan ya wuce Jami'ar Jihar Luwiziyana, wadda aka fi sani da LSU. A shekararsa ta farko ya ci maki 965, wato sama da maki 30 a kowane wasa, abin da wani ɗan aji ɗaya bai taɓa yi ba a babban rukunin jami'o'in Amurka. Ya ci 53 a karawarsu da Florida, ya ci 55 a karawarsu da Jami'ar Misisipi. A shekara ta biyu wani ƙaton yaro mai suna Shaquille O'Neal ya shigo ƙungiyar, amma duk da haka Chris Jackson ne tauraro. A wannan zamanin ne kocinsa, Dale Brown, ya miƙa masa littafin tarihin rayuwar Malcolm X. Kocin bai san inda karatun zai kai yaron ba.

A 1990 ya bar jami'a ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, ƙungiyar Denver Nuggets ta ɗauke shi a matsayi na uku, bayan Derrick Coleman da Gary Payton. Shekaru biyun farko ba su yi armashi ba. Ciwon ƙafa ya dame shi, ya yi ƙiba, a kaka ta biyu ma makinsa ya sauko zuwa kusan 10 a wasa, har masu sharhi suka fara cewa Denver ta yi asarar zaɓinta. A 1991 ya karɓi Musulunci, a 1993 kuma ya sauya suna. A tsakanin nan ya rage nauyi, ya koma irin atisayen da ya saba yi a Gulfport, kuma a kakar 1992 zuwa 1993 ya ci maki 19.2 a kowane wasa, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa samun ci gaba a gasar.

Akwai wani jifa da ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, ya tsaya a kan layi ba mai tare shi, kamar dai fanareti a ƙwallon ƙafa. A kakar 1993 zuwa 1994 Mahmud ya yi irin wannan jifa sau 229, guda 219 suka shiga, wato kashi 95.6 cikin 100. Da ɗaya tak cikin goman da suka kauce ta shiga, da ya karya tarihin da Calvin Murphy ya kafa tun 1981. Ku tuna mutumin da muke magana a kansa bai da cikakken iko da motsin wuyansa da fuskarsa. A wannan kakar ce kuma Denver, tare da Dikembe Mutombo ɗan ƙasar Kwango a tsakiya, ta shiga zagayen fitar da gwani a matsayi na takwas, ta fitar da Seattle mai matsayi na ɗaya bayan an cinye ta wasa biyu a jere, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

Kakar 1995 zuwa 1996 ita ce ƙololuwar tashensa, kuma ita ce ta zama sanadi. A Disamba 1995 ya zuba wa Utah maki 51, alhali John Stockton na cikin masu tsaronsa. A farkon Fabrairu 1996, cikin watan Ramadan, Chicago Bulls ta Michael Jordan ta zo Denver da nasara 18 a jere. Mahmud ya ci maki 32, Denver ta yi nasara da 105 da 99. Wasa 10 kacal aka ci Bulls a duk kakar, wannan na ciki.

To amma tun farkon kakar akwai abin da yake yi wanda mutane ba su lura ba. A Amurka ana rera taken ƙasa kafin kowane wasa, dokar NBA kuma ta ce 'yan wasa su tsaya cikin natsuwa. Mahmud ya daina tsayawa. Wani lokaci ya zauna a ɗakin sauya kaya, wani lokaci ya ci gaba da miƙe jijiyoyinsa a gefen fili. Ƙungiyarsa ta sani, an kuma yi watanni a haka ba hayaniya, sai da 'yan jarida suka tambaye shi. Da ya so ya kauce wa tambayar da ya kauce, amma ya amsa kai tsaye, ya ce a wurinsa tutar alama ce ta zalunci da danniya, kuma addininsa bai ba shi damar tsayuwar girmamawa gare ta ba. Ranar 12 ga Maris, 1996, hukumar NBA ta dakatar da shi ba albashi. Kowane wasan da ya rasa, dala 31,707 ce ta tafi.

Wasa ɗaya kawai ya rasa. Aka sasanta a kan zai tsaya tare da kowa, amma zai ɗaga tafukansa ya sunkuyar da kai yana addu'a. Haka ya yi a Chicago, 'yan kallo suna yi masa ihu. Wasiƙun barazanar kisa suka riƙa zuwa. Wasu ma'aikatan wani gidan rediyo a Denver har kutsawa suka yi cikin masallaci da takalma suna busa taken ƙasar, abin da ya kai su gaban shari'a.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk Musulmi ne suka goyi bayansa ba. Olajuwon, wanda shi ma yake azumi yana wasa, ya nuna cewa addini ya koyar da mutunta al'adun ƙasar da mutum yake zaune. Mu ma a nan, da za a jefa tambayar a wannan zaure, mun san za a rabu biyu, kuma ba fatawa muka zo bayarwa ba. Abin da muke iya cewa shi ne, a fahimtarmu hujjarsa ta tarihi ta fi hujjarsa ta fiƙihu ƙarfi. Yaron da ya tashi a Misisipi bai buƙatar littafi kafin ya san abin da aka yi wa kakanninsa a ƙarƙashin wannan tuta. Kuma wanda ya san yaron da ba ya barin fili sai raga ta yi ƙarar da ta dace ba zai yi mamakin ganin babban mutumin ya kasa yin abin da bai zauna masa a rai ba don kawai a zauna lafiya.

Abin da ya biyo baya shi ake ta muhawara a kai. A watan Yuni na shekarar Denver ta musanya shi zuwa Sacramento Kings, shi da ya fi kowa ci mata maki da miƙa ƙwallon da aka ci a kakar. A can ya ci kusan maki 14 a wasa a shekarar farko, a ta biyu kuwa wasa 31 kawai ya buga, akasari daga benci. Da kwantiraginsa ya ƙare a 1998 yana da shekara 29, shekarun da madugu ke kan ganiyarsa, bai samu gurbi a NBA ba. Masu kare hukumar suna cewa gajere ne, ba shi da ƙarfin tsaro, ga yawan jinya. Akwai gaskiya a ciki. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa juya masa baya aka yi. Ba wanda ya taɓa fito da takardar da ta ce kada a ɗauke shi, amma irin wannan hukunci ba a saba rubuta shi a takarda ba. Mu dai yana yi mana wuya mu yarda cewa a cikin ƙungiyoyi 29 babu mai buƙatar hannun da ya jagoranci gasar sau biyu a jifan layi.

Ya tafi Fenerbahce ta Turkiyya bai daɗe ba, ya ɗan ajiye wasan, sannan ya dawo NBA kaka ɗaya tare da Vancouver Grizzlies ta Kanada a 2000 zuwa 2001. Nan littafinsa na NBA ya rufe: wasa 586, maki 14.6 a kowane wasa, da kashi 90.5 cikin 100 a jifan layi. Kamar yadda kowane ɗan ci-rani ke buri, ya koma jiharsu ya gina gida ba nisa da Gulfport. A 2001 gidan ya ƙone, masu bincike suka ce cinna wutar aka yi, bayan tun da farko an taɓa rubuta alamar ƙungiyar masu wariyar nan ta KKK a wurin. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma yankin Atlanta.

Bai daina wasa ba. Ya buga a Rasha da Italiya da Girka, ya buga wa Al-Ittihad ta Jidda, ya ƙare a Kyoto ta Japan a 2011 yana da shekara 42. A 2017 aka sake ganinsa a gasar tsoffin 'yan wasa ta mutum uku-uku mai suna BIG3, gemu ya yi fari fat, yana da shekara 48, ƙwallo kuma na shiga kamar da. Matasanmu masu son Stephen Curry za su so su ji cewa a 2016 Phil Jackson, wanda shi ne kocin Bulls a ranar da aka ci su a Denver, ya ce duk mai ganin ba a taɓa yin irin Curry ba ya tuna da Mahmud.

A wannan shekarar ta 2016 ne Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya ƙi tsayawa lokacin taken ƙasa, shi ma ya rasa aikinsa, sai mutane suka tono labarin Mahmud. Kamfanin ɗab'i na Kaepernick ne ya buga tarihin rayuwarsa a 2022. A Fabrairu 2020 LSU ta rataye rigarsa mai lamba 35 a rufin ɗakin wasanta. Watanni biyar bayan haka, da aka dawo gasar NBA a Orlando bayan kisan George Floyd, 'yan wasa da kociyoyi da alƙalan wasa suka durƙusa a jere ana rera taken ƙasa. Dokar tsayuwa tana nan a rubuce, amma shugaban hukumar, Adam Silver, ya ce ba zai yi aiki da ita ba. Ba a ci kowa tarar ko dala ɗaya ba.