'Yan Kallo da Dillalin Ƙwaya: Abin da Ya Biyo Bayan Wasan Breaking Bad

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An ɗora mana nauyin yin magana kan tarbiyyar 'ya'yanmu da ke tashi a birni. Fagen yana da faɗi, lokacin da aka ba mu kuwa kaɗan ne, don haka muka zaɓi kusurwa guda, wato abin da yaran nan suke kallo a waya da talabijin bayan mun yi barci. A cikin abubuwan kallon akwai wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake shiryawa a ƙasashen waje kan fataucin miyagun ƙwayoyi. Za mu ɗauki ɗaya daga cikin mafiya shahara, mu duba yadda 'yan kallo suka karɓe shi a ƙasar da aka yi shi, domin a ganinmu halin da 'yan kallon suka nuna ya fi wasan kansa cancantar nazari.

Sunan wasan Breaking Bad. Tashar AMC ta Amurka ce ta fara nuna shi a watan Janairun 2008, aka kammala a watan Satumban 2013, bayan zango 5 da kashi 62. Vince Gilligan ne ya ƙirƙiro shi, aka kuma ɗauke shi a birnin Albuquerque na jihar New Mexico. Labari ne na wani malamin sakandare mai koyar da ilmin sinadarai, Walter White, mutum mai sanyin hali, ɗan shekara 50, wanda albashinsa bai isar sa har yakan haɗa da aiki a wurin wankin mota. Matarsa Skyler tana da juna biyu, ɗansu kuma yana da lalurar da ta taɓa masa tafiya da magana. Ana cikin haka likita ya shaida masa yana da ciwon daji a huhu. Sai ya yanke shawarar amfani da ilminsa ya dafa ƙwayar methamphetamine, wadda matasa ke kira ais, tare da wani tsohon ɗalibinsa, Jesse Pinkman, wai don ya bar wa iyalinsa abin dogaro bayan ransa.

Jama'a, wa zai ji wannan farkon labari bai tausaya ba? Mu da muka san halin malamin makaranta da albashinsa, mun san kuma yadda jinya ke cinye gida, ba sai an yi mana dogon bayani ba. To, a nan marubucin ya ɗana tarkonsa. Tun a zangon farko wasu tsofaffin abokan Walter masu hannu da shuni suka yi masa tayin biyan kuɗin jinyarsa gaba ɗaya, girman kai ya sa ya ƙi. Daga nan hujjar talauci ta faɗi, amma mai kallo ya riga ya ba shi zuciyarsa. A zango na 2 ya tsaya yana kallon budurwar Jesse tana shaƙewa har ta mutu, alhali da hannu ɗaya zai iya ceton ta. A zango na 4 ya sa wa ƙaramin yaro guba don cim ma wata manufa. A zango na 5 ya shirya aka kashe mutum 10 a gidajen yari cikin minti 2. Mijin ƙanwar matarsa, Hank, jami'in hukumar yaƙi da ƙwayoyi, shi ma ta dalilinsa ya rasa ransa. A kashin ƙarshe Walter ya faɗa wa matarsa da bakinsa cewa don kansa ya yi duk abin da ya yi, domin yana jin daɗinsa, kuma ya ƙware a kai.

Ke nan marubucin bai ɓoye komai ba. Shi kansa Gilligan ya sha faɗin cewa burinsa shi ne ya ɗauki salihin malami ya mayar da shi ƙasurgumin mai laifi a gaban idon mai kallo. Bari mu ga abin da masu kallon suka yi da wannan.

Da yawa daga cikinsu sun tsaya a bayan Walter har ƙarshe, suka kuma juya fushinsu kan matarsa. Laifinta a wurinsu shi ne tana tambayarsa ina ya kwana, daga ina kuɗi suka fito, tana kuma ƙoƙarin nisanta 'ya'yanta daga gidan da 'yan bindiga suka san hanyarsa. Gaskiya ne ita ma ba fara tas ba ce a labarin, don daga baya ta taimaka wajen ɓatar da sawun kuɗin ta hanyar sayen wurin wankin mota, ta kuma ci amanar aure. Amma a auna nata da nasa a sikeli guda. An buɗe shafuka a Facebook musamman don zagin ta, dubban mutane suka shiga. Abin bai tsaya kan Skyler ta cikin wasa ba, ya tsallako kan Anna Gunn, 'yar wasan da ta fito a matsayinta. A watan Agustan 2013 ta rubuta maƙala a jaridar New York Times tana bayyana irin ƙiyayyar da take fuskanta, har ta ambaci wani saƙo da aka wallafa ana tambayar inda za a same ta don a kashe ta. Mace ce da aka ɗauka aiki, ta yi aikinta da kyau har ta ci lambar yabo ta Emmy sau 2, amma sakayyar da ta samu daga wani sashe na 'yan kallo ke nan. A shekarar ce kuma wata mai sharhi a mujallar New Yorker, Emily Nussbaum, ta yi rubutu kan irin wannan mai kallo da ta kira mugun masoyi, wato wanda ake nuna masa gargaɗi shi kuwa yana ganin kirari.

Wannan bai kamata ya zame mana baƙon abu ba. Duk wanda ya yi zaman tatsuniya a gaban kaka ya san inda zukatan yara suke karkata in an ambaci Gizo da Ƙoƙi. Gizo ne maƙaryaci, shi ne mai haɗama, shi ke cin amanar abokan tafiya, amma shi muke jira mu ji yadda zai kuɓuta, Ƙoƙi kuwa ba mai damuwa da abin da ta ji a ranta. Dalilin a fili yake: wanda labari ya bi, shi zuciya ke bi. Mun san tsoronsa, mun san dabararsa, mun kwana da shi mun tashi da shi, sauran mutane kuwa sai su zama duwatsun da ke tare masa hanya. Bambancin shi ne tatsuniya gajeruwa ce, Gizo yakan sha kunya kafin a ce ƙurunƙus, kuma kaka tana zaune tana kallon fuskokin jikokinta. Yaron da ke kallon kashi 62 shi kaɗai a ɗaki da abin ji a kunne, ya shafe kusan awa 50 a cikin kan dillalin ƙwaya ba tare da wata kaka a kusa ba.

Bayan kammala wasan, wanda mutum sama da miliyan 10 suka kalli kashinsa na ƙarshe a daren da aka nuna shi a Amurka, sai abubuwan ban mamaki suka biyo baya. A watan Oktoban 2013 wasu masoya suka biya kuɗi aka buga sanarwar rasuwar Walter White a jaridar Albuquerque Journal, kamar dai mutum ne da ya taɓa rayuwa. A cikin watan aka shirya masa jana'izar wasa a wata maƙabarta ta gaske a birnin. Don adalci, kuɗin da aka tara a wurin an ba da su ne ga masu kula da lafiyar marasa matsuguni. Duk da haka iyalan da ke da mamata a maƙabartar sun nuna ɓacin ransu, kuma muna ganin suna da hujja. Wani shagon alewa a birnin ya shiga sayar da alewa shuɗiya mai kama da ƙwayar da Walter ke dafawa, baƙi suna saye suna ɗaukar hoto. A 2014 kamfanin kayan wasan yara na Toys R Us ya janye 'yar tsanar Walter daga shagunansa, wadda ake sayarwa haɗe da 'yar jakar kuɗi da 'yar jakar ƙwaya ta roba, bayan wata uwa a jihar Florida ta tara sa hannun dubban mutane.

Akwai kuma batun gidan. Gidan da aka nuna a matsayin na Walter gida ne na wasu bayin Allah da ke zaune a ciki a wancan lokacin. A wani kashi na zango na 3 Walter ya fusata ya wurga faifan fiza bisa rufin gidan. Shekara da shekaru masoya suna zuwa daga nesa suna maimaita wannan a kan rufin mutane, har Gilligan da kansa ya fito a 2015 ya roƙe su su daina. A 2017 masu gidan suka gaji suka kewaye shi da shingen ƙarfe. Sannan a watan Yulin 2022 aka ƙaddamar da gumakan tagulla na Walter da Jesse a babban zauren taro na birnin. Masu goyon baya suka ce wasan ya kawo wa garin ayyukan yi da masu yawon buɗe ido, abin da ba a musu. Wasu 'yan siyasar jihar kuwa suka tambaya yaya za a kafa gunkin masu dafa ƙwaya a jihar da ta daɗe tana binne 'ya'yanta saboda ƙwaya.

In Walter ƙirƙirarre ne, Pablo Escobar na Kolombiya mutum ne na gaske, kuma waɗanda ya kashe suna da 'ya'ya da jikoki a raye. Da kamfanin Netflix ya fitar da wasan Narcos a 2015, baƙi suka ƙara tururuwa zuwa birnin Medellin suna ziyartar kabarinsa da gidajensa, suna sayen riguna masu hotonsa. Wannan shi ne mutumin da ƙungiyarsa ta dasa bam a jirgin saman Avianca a watan Nuwamban 1989, mutum 107 da ke ciki suka hallaka. Hukumomin birnin sun kai maƙura, har a watan Fabrairun 2019 suka rushe benen Monaco, inda ya taɓa zama da iyalinsa, suka mayar da filin wurin tunawa da waɗanda aka kashe.

Ba mu ce a daina shirya irin waɗannan wasanni ba, ba mu kuma ce duk wanda ya kalla zai zama dillali ba. Mafi yawan masu kallo sun kalla sun wuce, wasu ma sun fahimci saƙon sarai. Akwai kuma wasan The Wire, da tashar HBO ta nuna daga 2002 zuwa 2008, wanda ya bi sawun ƙwaya a birnin Baltimore har cikin aji, ya nuna yadda 'yan makaranta ke zama 'yan aiken dillalai ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne lokacin da ake nuna shi bai tara masu kallo da yawa ba, bai kuma ci Emmy ko ɗaya ba, sai daga baya aka gane darajarsa. Kasuwa ta fi son labarin mai sayarwa a kan labarin mai sha.

To ina ruwanmu da abin da ya faru a Albuquerque? Ƙwayar da Walter ke dafawa a wasa ana dafa ta a Nijeriya da gaske. Hukumar NDLEA ta gano wurin dafa ta na farko a Legas a 2011, a 2016 kuma ta bankaɗo wani babba a Asaba, ta kama har da 'yan ƙasar Meziko 4. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Ba mu manta da rahoton BBC na 2018 kan maganin tari mai kodin ba, wanda ya nuna halin da matasa ke ciki a Kano, gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi washegari. Waɗannan matasa su ne waɗanda kyamarar Breaking Bad ba ta cika tsayawa a kansu ba. A kashi 62, masu shan hajar Walter kaɗan ne aka ba su suna da fuska. Mu kuwa a unguwanninmu mun san sunayensu, mun san iyayensu.

Ƙwace waya ba zai yi magani ba, domin wasan yana cikin wayar abokinsa, ana kuma tura shi a kan 'yan kuɗi kaɗan a shagunan tura finafinai. Abin da muka ga ya fi amfani shi ne uba ko uwa ko yaya ya san abin da ake kallo a gidansa, ya kuma buɗe hira a kai ba da sigar tuhuma ba. A tambayi yaro wa ya fi burge shi a wasan, a saurari amsarsa har ƙarshe. A tambaye shi me matar ta yi da ta cancanci zagi. A tambaye shi wa ya sayi ƙwayar da ta tara waɗannan kuɗi, kuma ina ya ƙare. Amsar da yaro zai bayar kan Skyler musamman tana da muhimmanci, domin ita ce muryar uwa ko mata ko yaya da ke cewa a tsaya, kuma irin wannan murya ce za ta fara yi masa magana ran da ya fara kauce hanya.

Muna roƙon kwamitin matasa na wannan ƙungiya da ya ware yamma guda a hutun Sallah mai zuwa, lokacin da 'yan birni ke gida, a shirya muhawara tsakanin ɗalibanmu na sakandare da na jami'a kan wannan batu, a gayyato jami'in NDLEA da ma'aikacin lafiya mai kula da masu fama da shaye-shaye su zauna a matsayin alƙalai. Muna kuma roƙon 'ya'yan garin nan da ke harkar rubutu da shirya fim, in sun tashi yin labarin ƙwaya, su ɗora kyamarar a ɗakin uwar mai sha tun daga kashin farko.