Kasuwar Istambul mai rufi da kasuwarmu ta Kilomita Biyar

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, alhazai da hajiyoyi, barkanmu da zagayowar wannan rana.

An ce in ba da labarin Istambul. Yawancinmu in mun je can, unguwar Laleli kawai muke sani: a sari tufafi, a ɗaure, a miƙa wa masu kargo, sai a jira kaya a Duwala su biyo hanyar Garuwa-Bulai. Wannan karon na ware kwana biyu don buɗe ido.

Na yi salla a Aya Sofiya, ginin da aka kammala a 537 yana coci, ya koma masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi, sannan aka dawo da salla cikinsa a 2020. Na hau jirgin ruwa daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya, kuma duk gari ɗaya ne. Mu da muke hangen Zongo a tsallaken Ubangi, can wata ƙasa ce daban.

Amma ɗan kasuwa ko yawo ya fita, kasuwa ƙafarsa take kai shi. Kusa da Laleli akwai babbar kasuwa mai rufi, suna ce mata Kapalicarshi. Sarki Muhammadu Alfatih ne ya kafa ta bayan ya ci garin. Tana da layuka 61 da shaguna wajen 4,000, kuma layukan sunan sana'a suke ɗauke da shi, kamar layin masu zinariya. Tsada kam akwai ta, don baƙi ake yi wa farashi, ban ba kowa shawarar sari a ciki ba. Shayi dai kafin ka zauna an kawo maka.

Kasuwar nan ta sha gobara, har da ta 1954, girgizar ƙasa ta 1894 ma ta rusa sashenta, ga ta nan tana ci. Tana da ƙofofi, da yamma a kulle su, masu gadi sanannu su kwana. Mai zinariya ya tafi gida ya yi barcinsa.

Jama'a, mun san abin da 2014 ta yi wa Miskin da Kilomita Biyar. Mun san shagunan da suka ƙone a Disamban 2019, lokacin da 'yan kasuwa suka ce sun gaji da biyan haraji ga masu bindiga. Da yawa cikin waɗanda suka rasa jari a lokacin, dangi ne kaɗai suka tallafe su.

Don haka ina roƙon shugabanni su sa abu biyu cikin zama mai zuwa: asusun gobara da kowane shago zai riƙa zuba wani abu duk wata, da masu gadi da ƙungiya za ta ɗauka da saninta da sanin hukuma, ta rubuta sunayensu, ta biya su da rasit. Nawa za a riƙa zubawa, wannan na bar wa dattawa.