Takalmin Rawar Bale Ba A Sayensa Da Ƙiyasi

A birnin Landan, kamfanin Freed yana ɗinka takalman rawar bale na tsayawa kan yatsu tun 1929, kuma har yau da hannu ake yin su. Kowane maɗinki yana buga tambarinsa a tafin takalmin.

Bakin takalmin, inda mai rawa take ɗora nauyinta kan yatsu, yadi ne da takarda da gam aka jera har suka yi tauri. Dole gwani ya auna ƙafar, domin idan takalmin ya yi yawa, yatsu za su zame su ji rauni. Malamai galibi ba sa barin yarinya ta sa shi sai ta kai shekara 11 ko 12.

Iyaye, kada a sayo babba wai don ya daɗe.