Sojan Da Ya Dawo Da Rauni: Jawabina A Zaman Matasa Na Makon Tunawa Da 'Yan Mazan Jiya



 An ba ni minti ashirin, kuma na san in ɗan siyasa ya riƙi lasifika sai an ja masa riga. Shugaba, in na zarce a ja tawa.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ƙasar nan tana tunawa da 'yan mazan jiya. An zaɓi ranar ne saboda a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Muna gani a talabijin, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi shiru na minti ɗaya. Duk wannan daidai ne, waɗanda suka kwanta dama sun cancanci fiye da haka, Allah Ya jiƙansu. Amma ni yau a kan wanda bai mutu ba zan yi magana. Wanda aka ɗauko daga daji jina-jina, ya farka a gadon asibiti ya tarar ƙafarsa ɗaya babu. Shi ba a kiran sunansa a fareti, kuma sauran rayuwarsa tana nan gaba tana jiran sa.

Zan fara da laifina, don kada wani ya ce na zo wa'azi alhali ban wanke kaina ba.

Ina da ƙane, ɗan goggona ne, tare muka tashi a gida ɗaya. Yana gama sakandare ya shiga soja, aka tura shi arewacin Borno. Wata safiya motarsu ta taka nakiyar da aka binne a hanya. Abokin aikinsa ne ya yi ta maza ya ɗaure masa ƙafa don jinin ya tsaya. Aka kai shi asibiti, likitoci suka yi iya yinsu, ran ya tsira amma sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da aka maido shi wani asibitin da ya fi kusa da gida, na je duba shi da ledar lemo da ayaba. Na riƙe hannunsa aka ɗauke mu hoto, na ce masa duk mako zai gan ni. Sai kakar zaɓen fid da gwani ta shigo. Wallahi jama'a, wata biyar ban sake taka wurin ba. Ranar da na koma, ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ashe ba ka manta hanya ba." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban sami abin cewa ba.

A wata biyar ɗin nan Goggo ce a wurin. Ta sayar da awakinta biyu saboda kuɗin mota da na abinci. A gadon da ke kusa da na ɗanta akwai wani yaro daga kudu, ba ya jin Hausa, ita kuma ba ta jin Turanci, danginsa sun yi nisa ba mai zuwa. Duk kunun da ta dama sai ta raba biyu. Yaron nan Mama yake ce mata har aka sallame shi. Ni da nake da difloma da mota da muƙamin shugaban matasa, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta fi ni sanin haƙƙin sojan ƙasata.

Tun daga nan na shiga tambaya da karatu a kan yadda ake kula da sojan da ya ji rauni. Abin da na fahimta shi ne, jinyarsa kamar sarƙa ce mai gaɓa huɗu, in gaɓa ɗaya ta tsinke wahalar da aka sha a sauran ta tashi a banza.

Gaɓa ta farko ita ce mintunan farko a inda abin ya faru. Likitocin yaƙi sun daɗe da gano cewa a cikin mace-macen da za a iya hanawa a fagen fama, zubar jini ce kan gaba. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, tun kafin a tayar da mota. Abin da ke ceton sa a lokacin wani ɗan maɗauri ne mai sanda da ake murɗawa a saman raunin har jini ya tsaya, da kuma abokin da aka koya wa yadda ake ɗaura shi. Ƙanena yana raye yau saboda an sami waɗannan biyun a motarsu.

Gaɓa ta biyu ita ce hanya. Likitoci na cewa sa'ar farko bayan mummunan rauni ita ce mafi tsada. A 2009 sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarnin cewa sojansu da ya ji mummunan rauni a Afganistan a kai shi gaban likitan tiyata cikin awa ɗaya, aka ƙara jirage masu saukar ungulu domin hakan. To ku auna da tamu ƙasar. Daga Baga zuwa Maiduguri kusan kilomita 200 ne, a kan hanyar da ita kanta sai an bincika ko an binne wani abu. Daga Maiduguri zuwa Kaduna kuwa tafiyar yini ce a mota. Saboda haka in kun ji ana maganar sayen jirgin ɗaukar majinyata ko kafa ƙaramin asibitin tiyata kusa da bakin daga, kada ku ɗauka almubazzaranci ne. Tsakanin a yanke ƙafa da a cece ta, sau da yawa awannin nan na hanya ne.

Gaɓa ta uku shi ne asibitin kansa. Muna da su, kuma ya kamata matashi ya san sunayensu. Akwai asibitin Runduna ta 7 a barikin Maimalari da ke Maiduguri, rundunar da aka kafa a 2013 saboda yaƙin Boko Haram. Akwai babban asibitin sojoji na 44 a Kaduna, inda ake kai da yawa daga cikin waɗanda rauninsu ya yi tsanani. Akwai na 68 a Yaba ta Legas. Da yawa daga cikin likitoci da nas-nas da ke waɗannan wurare su ma sojoji ne, suna kwana a tsaye, suna ganin abin da ni da ku ba za mu iya kallo ba. Kuma asibitin nan na 44 ba baƙo ba ne ga mutanen Kaduna, farar hula ma suna zuwa neman magani. Duk na'urar da aka saka a can, talaka ma yana iya cin moriyarta wata rana.

A nan bari in ɗan taɓo tarihi. A yaƙin Kirimiya, a 1854, Florence Nightingale ta je asibitin sojojin Ingila da ke Sukutari, a gefen Istanbul. Abin da ta tarar shi ne cututtuka irin su kwalara da atuni da zazzaɓin taifot suna kashe sojoji fiye da yadda harsashi ke kashe su. Ƙazanta da cunkoso da rashin ruwa mai kyau su ne abokan gaba na biyu. Darasin yana nan har gobe, asibitin soja yana buƙatar ruwa, wuta, jini a firij da isassun ma'aikata kamar yadda bataliya ke buƙatar harsashi. Mu kuma a namu tarihin, tun kafin wannan da ƙarnoni, Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu bn Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, can Manzon Allah (SAW) ya ce a kai shi domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ku lura da dalilin, domin ya riƙa duba shi. Shugaban al'umma da kansa ke zuwa dubiya.

Gaɓa ta huɗu ita ce mafi tsawo, kuma ita ce tamu, wato bayan an sallame shi ya dawo unguwa. Mutane suna zaton in an ba mutum ƙafar roba magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Dungulmin yana ramewa a watannin farko, sai kwandon da ake zura shi ciki ya yi yawa, ya riƙa gurzar fata har ya zama gyambo, dole a sake aunawa a canza. Ana buƙatar zuwa gashi na watanni kafin a koyi tafiya. Ƙanena yakan farka cikin dare yana jin zafi a yatsun ƙafar da babu ita, kuma likita ya tabbatar masa cewa sanannen abu ne ga waɗanda aka yanke wa gaɓa. Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Rannan muna zaune a majalisa tayar wata babbar mota ta fashe a titi, kafin mu ankara ya faɗi ƙasa ya rufe kai yana kyarma. Yara suka yi dariya, wata maƙwabciya ta ce aljanun daji ne suka biyo shi. Firgicin yaƙi ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani kuma suna da hanyar magance shi, muna da asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Kuma kada a ɗauka wanda ya rasa gaɓa ya gama amfani. A 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni, wadda aka yi a Jamus. Wani matashin sojanmu, Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙin arewa maso gabas, ya ciyo zinare a ɗaga ƙarfe. A watan Mayun 2024 Yarima Harry na Ingila, wanda ya kafa gasar, ya zo har asibitin 44 a Kaduna ya bi gado-gado yana gaisawa da majinyata. Ranar na ji kunya. Mutum ya tsallako teku ya zo dubiya, mu da kuɗin mota kawai zai kai mu, mu nawa ne a zauren nan muka taɓa zuwa?

To me za mu yi? Mu ba gwamnati ba ne, ba mu da jirgi ba mu da asibiti. Amma ina roƙon abu huɗu, kuma ina son sakatare ya rubuta.

Na ɗaya, jini. Mai lafiya da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayar da leda ɗaya, ba ta kai rabin lita ba, kuma namiji na iya maimaitawa bayan wata uku. Jini ba ya ajiyuwa har abada, makonni kaɗan ne ya lalace, shi ya sa ake son masu bayarwa a kai a kai. Muna cika motoci mu tafi tarbar ɗan takara. Mu cika mota ɗaya duk wata uku mu tafi bankin jini. Ledar taka ko soja ta samu, ko mai naƙuda, ko wanda ya yi haɗari, duk riba ce.

Na biyu, dubiya. Mu rubuta wa hukumar asibiti takarda mu nemi izini, domin wurin soja yana da ƙa'idarsa, ba a faɗa masa haka kawai. In an ba mu dama mu je mutum biyar-biyar, ba hular jam'iyya, ba fosta, ba ɗaukar hoto. Na gaya muku ni na yi wannan kuskuren, kuma hoton nan har yau ba na son ganin sa.

Na uku, kowane shugaban matasa na mazaɓa ya nemi reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke ƙaramar hukumarsa, a san su wane ne suka dawo da rauni a unguwanninmu. Wani takardar fansho ce ke ba shi wahala, yana buƙatar mai ilimi ya raka shi. Wani jari yake so, wani kuɗin makarantar yara. A saka har da 'yan kato da gora da 'yan sa-kai da suka ji rauni suna kare garuruwansu, su da ba su da bariki ba su da lambar aiki.

Na huɗu, tambaya. Majalisar Dattawa da ta Wakilai duk suna da kwamitocin tsaro da na sojan ƙasa, kuma ta hannunsu kasafin kuɗi ke bi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, mu fara da namu na cikin gida kafin na waje, mu tambaye shi: nawa aka ware wa asibitocin soja a kasafin bana, nawa aka saki, ka taɓa zuwa ka gani da idonka? In ya sani mu yaba masa. In bai sani ba mu ba shi wata guda ya binciko ya dawo mana da amsa.

Yaran da ke kwance a gadajen nan sa'anninmu ne da ƙannenmu, 'ya'yan manoma da direbobi da malaman firamare. Ba wanda ya tambaye su katin jam'iyya kafin ya tura su daji. Kuma wanda ke bakin daga yanzu yana jin labarin yadda aka yi da abokinsa da aka ɗauka jiya, da shi yake auna ko ƙasar nan za ta tsaya masa.

Ƙanena yanzu yana gyaran waya a bakin kasuwa, ya yi aure, an yi masa haihuwa. Da na ce masa zan yi wannan jawabi, ya ce in faɗa muku kada a ji tausayinsu, a dai riƙa zuwa. Takarda tana wurin sakatare a bakin ƙofa, mai son shiga ayarin farko na bayar da jini ya rubuta sunansa da mazaɓarsa kafin ya fita. Nawa na riga na rubuta.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.