Lacca a Kan Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Shawarar Masu Shi, Wadda Aka Yi a Kusugu, Daura

   An ce in yi magana a kan kuɗin Ƙaramar Hukuma, da yadda talaka zai sa baki cikinsa. Na so in noƙe, don ga waɗanda suka fi ni sani zaune, amma manya sun aike ni, ba ni da ta cewa.

Ga rijiya can, ko yaron goye a unguwan nan ya ji labarinta: macijin nan Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har baƙo Bayajida ya zo ya kashe shi, zamanin Daurama. Ba zan tsaya ga labarin ba, masu tarihi suna nan suna gardamarsu. Abin da na ke so ku duba, halin mutanen da a ke ba rana guda cikin bakwai. Matar da ta zo ran Juma'a ba guga, ko igiyarta ta yi gajere, sai ta koma da tulu wofi, ta jira wata Juma'a. To, ranar da Hukuma ke kiran jama'a su faɗi bukatarsu kafin a rubuta kasafi, kamar wannan Juma'a ta ke, sai dai ita sau ɗaya ta ke zuwa a shekara. Mu kuwa galibi ba guga mu ke zuwa.

Kasafi, watau abin da mutanen da ke kira kiyasi, takarda ce mai fuska biyu. Fuska guda, kuɗin da a ke tsammanin zai shigo daga Janairu zuwa Disamba. Fuska ta biyu, inda za a kashe shi. Aikin da bai shiga takardan nan ba, ko shugaba na sonka kamar ransa, ba shi da halin ya biya shi ta hanyar ƙa'ida. Aikin da ya shiga kuwa, an sami abin riƙo, ana iya tambaya.

Ku sani wannan takarda ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da Turawa suka zo, suka tara kuɗin ƙasa iri iri suka mai da shi haraji da jangali. A Katsina aka fara Baitulmali na En'e, zamanin Razdan Palmer, zuwa 1911 abin ya game sauran ƙasashen sarakuna. Da fari rabin abin da aka tara na Gwamnati, rabi na En'e. Daga nan a ke biyan hakimai da alƙalai da dogarai, a haƙa rijiyoyi, a gina makarantun elementare. Ma'aji na rubutawa, Di'o na dubawa, Razdan na sa hannu. Tsawon sarautar Sarkin Daura Abdurrahman, daga 1911 har 1966, haka a ke yi. Lissafi na da kyau, ban ƙi ba. Amma wanda ya sayar da akuyarsa ya biya haraji, ba wanda ya tambaye shi ko rijiya ya ke so ko hanya. Wannan ne ya sa cikin watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a gyara mulkin En'e, a ba talaka wurin magana. Cikin watan nan kuma aka kafa Nefu a Kano. Dokar En'e ta 1954 ta biyo baya, aka yi ta kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka.

Cikin 1976 aka kawo tsarin Ƙananan Hukumomi iri ɗaya ga Nijeriya duka. Cikin 1979, lokacin Daura na cikin Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Talakawa suka yi murna, kuma da gaskiyarsu, don an sha wuya a hannun masu karɓa. Amma a ganina wani abu ya ɓace tare da harajin. Da, mutum ya san kuɗinsa ne ya tafi Baitulmali, don zafin fitarsa na jikinsa. Yanzu kuɗin daga Abuja ya ke zuwa, sai muka ɗauka kyauta ce, wanda ya yi mana kwalbati mu yi ta sa masa albarka kamar daga aljihunsa ya ciro. Kuɗin nan naku ne kamar yadda harajin kakanninku ya ke nasu.

Ga yadda ya ke zuwa. Kowane wata a kan zauna a raba abin da ya taru cikin asusun Tarayya. Bayan an fitar da abin da a ke fitarwa, cikin kowace naira 100 Gwamnatin Tarayya na da naira 52 da kobo 68, jihohi naira 26 da kobo 72, Ƙananan Hukumomi 774 naira 20 da kobo 60. Harajin da a ke ɗora wa kayan saye yana da nasa rabo dabam. Cikin 774 ɗin nan Jihar Katsina na da 34, ƙasar Daura na da 5: Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu. Tsarin Mulki na 1999 ya ce rabon nan ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, kuma shekaru da yawa ana kuka a Nijeriya duka, kuɗi na shiga can da ƙiba, ya fito da rama. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ta ce a ba Ƙananan Hukumomi rabonsu kai tsaye, kuma kantoman da gwamna ya naɗa ba shi ne zaɓaɓɓen da doka ta sani ba. Hukunci ya faɗi. Amma zartarwa wani aiki ne, kuma tambaya ta fari da za ku yi wa kansilanku ke nan: watan jiya nawa ya shigo, ta wace hanya?

Kada kuma ku zaci abin da ya shigo duk na aiki ne. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho, su ke fara cin rabonsu, kuma ba kaɗan su ke ci ba. Saura ne a ke gini da gyara da shi. Wanda bai san girman sauran nan ba, roƙonsa roƙon makaho ne a gidan da ba kowa.

Sa'an nan a san abin da ya ke aikin Ƙaramar Hukuma. Tsarin Mulki ya jera shi: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa'an nan sa hannu cikin makarantar firamare da ɗakin shan magani da aikin gona. Mu mutanen Daura mun ga manyan ayyuka sun sauko daga sama, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri. Sai idonmu ya saba da manya, muka raina ƙanana. Amma Jami'a ba ta yashe lambatun ƙofar gidanka, kuma ruwan damina in ya rasa hanya, katangar wa ya ke ci?

Bayan hawan Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa cikin 2023, Gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki al'adar kiran taron jin shawara a mazaɓu 361 na jihar kafin ta rubuta kasafinta, cikin 2024 kuma ta kafa shirin raya al'umma mai ma'aikata a kowace mazaɓa. Kusugu ɗaya ce cikin mazaɓu 11 na Daura, tare da su Sarkin Yara da Ubandawaki da Madobi da Mazoji da Sabon Gari da Tudun Wada. Ku lura fa, jaka biyu ce. Abin da aka faɗa a taron jiha, kasafin jiha ya ke nema. Kasafin Ƙaramar Hukuma kuwa, shugaba ke kawowa, kansiloli su amince. Bututun da ke jawo ruwa daga madatsar Sabke ya fi ƙarfin kansila, a kai shi jakar jiha. Famfon tuƙa-tuƙa da ya karye a bakin makaranta kuwa, kunya ce a kai shi Katsina.

Yanzu bari in faɗa mana laifinmu, don na zauna irin wannan taro a wani gari da ba zan ambata ba. An kira hantsi, aka fara bayan azahar. Gaisuwar manyan baƙi ta cinye rabin lokaci. Da aka ba jama'a dama, wani ya nemi asibiti babba, wani ya nemi a ɗauki ɗansa aiki, wani ya miƙe ya yi kirari ya zauna bai nemi kome ba. Magatakarda ya rubuta bukata ta fi talatin, ba ta fari, ba ta ƙarshe. To, wanda ka ba bukata talatin ba ka ce ga wadda ta fi ba, ka ba shi izini ya zaɓi wadda ɗan kwangilarsa ya fi so, kuma ba ka da bakin magana, don kai ka roƙa. A bayan rumfar da muka zauna akwai rijiyar burtsatse ta shekara biyu a mace, abin da ya kashe ta ƙaramin ƙarfe ne, ba wanda ya ambace ta. Dalili, masu ɗiban ruwa ba su wurin. Mata na gida, yara na can da jarkoki a wata unguwa. Mu da muka zauna, a buta mu ke tarar da ruwa.

An yi wani birni a ƙasar Barazil, sunansa Porto Alegre, inda aka fara irin wannan shawara da gaske cikin 1989. Abin da ya sa tasu ta yi albarka, ba yawan magana ba ne. Kowace unguwa ta kan jera bukatunta, wannan ta fari, wannan ta biyu, sa'an nan ta zaɓi wakilai waɗanda za su bi takardar har a sa ta cikin kasafi, su kuma bi aikin har a gama. Ruwan famfo da magudanai suka kai unguwannin talakawa da ba su taɓa samu ba, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Daga baya abin ya yi sanyi a can, da ayyukan da aka yi alkawari suka taru ba a yi ba, mutane suka gaji da zuwa. Haka namu zai mutu in an tara mu bana, an tara mu baɗi, ba a ce mana ga abin da ya sami maganar bara ba.

Saboda haka, malamai, Allah ya gafarta muku, aikin nan ya faɗo kanku, don ku ke da alƙalami, ku a ke jin maganarku a zaure da masallaci. Kafin ranar taro, a zauna unguwa unguwa tare da mai unguwa. A aiki malamai mata na makarantun Islamiyya su ji ta bakin matan aure, su kawo a rubuce. A yi gardamar a gida, a gama ta a gida, har a tsaya kan abu uku, a ce wannan ne na ɗaya. Ni dai shawarata, gyara ya riga sabon gini. Ajin da iska ta yaye wa rufi, da famfon da ya tsaya, da ɗakin shan magani da ba magani, kuɗinsu kaɗan ne, sai dai ba su da farin jini ga masu mulki, don ba a yanka kyalle a kan gyara, ba a kiran maroƙa. Ku za ku sa su dole.

Kada a rubuta "muna son ruwa". A rubuta rijiya kaza, a lungu kaza, ta tsaya wata kaza, gida kaza ke sha daga gare ta, mai gyara ya duba ya ce abu kaza ne ya lalace. Nan almajirai za su yi amfani. Ku da ku ke zaga gari, kun fi kowa sanin inda kwata ta toshe da inda juji ya ci hanya. Ku ɗauki takarda ku ƙirga. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, a juya daga baya. Lissafi ba ya canzawa don an rubuta shi daga dama.

A yi takardar uku. Ɗaya a miƙa wurin taro, ɗaya a ba kansila ya sa hannu da kwanan wata, ɗaya ta zauna wurin liman. In kasafi ya fito, mutum biyu ko uku waɗanda ba su neman kwangila, ba su neman kujera, su je su nemi gani. Ba roƙo ba ne: akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba ma'aikatar Hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi takarda a rubuce. A je da ladabi, a gai da mutane, a nemi shafin da aikinmu ya ke, da adadin kuɗin da aka sa masa. In babu shi, a tambayi dalili, a rubuta amsar, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. In yana nan, a koma bayan wata uku a ga ko an saki kuɗin, don sa abu cikin kasafi dabam, sakin kuɗinsa dabam.

Na san wani zai ce, Malam, wannan ai siyasa ce, mu karatu muka zo. Ɗan'uwana, ba na ce ka bi jam'iyyar kowa ba. Wanda ya ci zaɓe, ko ka zaɓe shi ko ba ka zaɓe shi ba, amanar kuɗinka na hannunsa, kuma mai amana na gaskiya ba ya fushi don an tambaye shi lissafi. Kansila ma, in yana da takardar jama'arsa da hannuwan dattawa a kai, ya fi ƙarfin baki gaban shugaba.

Waɗanda za su ɗauki ƙirgar famfuna da magudanai na Kusugu, su tsaya bayan la'asar, a raba musu lunguna. Kowa ya zo da alƙalaminsa, takarda muna da ita.