Malamin Firamare da Yaro Mai Nakasa: Sanin Al'adar Gari Kafin Shiga Aji

Lacca ga malaman firamare na Karaye da Rogo

 

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun firamare kyauta. A Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya. Amma makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki tana can birnin Kano, ba kowane manomin ƙauyen Rogo zai iya kai ɗansa can ba. Wadda ke kusa da shi ita ce taku. Saboda haka halin malamin aji ɗaya shi ke yanke hukunci: yaro ya zauna, ko ya koma gida.

Malami ɗan gari ne, da abin da ya ji tun yarinta yake shiga aji. In ya yarda farfaɗiya aikin iska ce, ko ana ɗaukarta ta yawu, ranar da yarinya ta faɗi shi zai fara ja da baya, yara su bi sahu. Alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba ya yaɗuwa, kuma yana jin magani. A kwantar da ita ta gefe, a kawar da benci, kada a cusa mata komai a baki. Haka shan inna: ƙwayar cuta ce ke kama gaɓoɓi, ba ta taɓa basira.

Sai dai kada a ɗauka al'ada cikas ce kawai. Tsangayunmu sun daɗe suna yaye makafi mahaddata, ta hanyar sauraro da tilawa. Wanda ya haddace izu sittin da ka, lissafin aji uku zai gagare shi? Kuramen ƙasar Kano suna da maganar hannu tasu, iyaye da abokan wasa sun iya wani abu daga ciki. Malami ya koya a wurinsu. Uban da ya ce “ƙaddara ce, bara zai yi”, kada ka yi masa gatsali. Ka je da liman ko Sarkin Makafi, ku tuna masa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa, wanda ya yi wa Annabi (SAW) ladanci, har aka bar masa riƙon Madina.

Abu uku nake roƙo, babu mai cin ko kwabo. Ku zaunar da mai raunin ji ko gani a layin gaba, kuna faɗin abin da kuke rubutawa a allo. Ku kira yaro da sunansa, ku tsawata wa mai ce masa “gurgu” ko “bebe”. Sannan kowane hedimasta ya tambayi mai unguwa yara nawa aka bari a gida saboda nakasa, ya sa su a rajista wannan zangon.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana.