Takarda da Fensir a Gidan Ubangiji



A ikkilisiyoyinmu akwai yaran da ba sa magana kamar tsaransu, ba sa kallon idon mutum, ƙarar ganga a lokacin sujada takan sa su toshe kunne. Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, wasu kuma sukan ce galahanga. Da yawa a cikinmu mun ce aljanu ne, ko zunubin iyaye. Saboda wannan magana, uwa takan kulle ɗanta a gida ranar Lahadi, daga baya ita ma ta daina zuwa. Mu da ba mu da yawa a Kano, rasa gida guda babbar hasara ce. A Yahaya sura 9, almajirai sun nemi mai laifi a kan wanda aka haifa makaho, Ubangiji kuwa bai ɗora wa kowa laifi ba.

Yaro da yawa da bakinsa ya yi nauyi, hannunsa yana magana. An haifi Stephen Wiltshire a Landan a 1974, ya yi shekaru ba ya magana. Malamansa suka lura da ƙaunarsa ga zane, suka riƙa ɓoye kayan zanensa domin ya roƙa da bakinsa. Kalmarsa ta farko ita ce takarda. A 2005 aka zaga da shi saman birnin Tokyo cikin jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin da ka. A gida kuma, ranar 2 ga Afrilu 2025, aka baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan shekara 15, a Dandalin Eagle da ke Abuja. Girmansa ya wuce murabba'in mita 12,000, ya shiga kundin Guinness.

Ba kowane yaro zai yi suna haka ba, ba kuwa suna muke nema ba. Muna so yaro ya sami hanyar faɗin abin da ke zuciyarsa.

Zane ba baƙo ne a garinmu ba. Mai ratsa lungunan Yakasai yana ganin ado a bangon tsofaffin gidaje, ya ga aikin marina a Ƙofar Mata. Fitowa sura 31 ta nuna mana cewa Ruhun Allah ne ya ba Bezalel gwanintar hannu.

Don haka muna roƙon dattawa su ware daga baiko a sayi takardu da fensir masu launi. Malaman makarantar Lahadi su tanadi wuri marar hayaniya, kada su gyara wa yaro zanensa, su zauna su duba tare da shi. Zumuntar mata ta ziyarci iyayen da suka janye. Mu yi addu'a, mu kuma kai yaro wurin likita.

Ubangiji ya ba mu idon gani. Amin.